Taimar kashe inji: Hilux ta cancanta, Camry ba ta buƙata

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambaye ni ko ya dace ka sa taimar kashe inji a motocin gidanka, kamar yadda rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya ba ka shawara. Wannan rewayan da ya ce ka sa taima a Hilux ɗinka mai dizal da Camry ɗin Hajiya gaba ɗaya, rabin maganarsa ce gaskiya. Ka sa wa Hilux, tunda tana da turbo, idan yara ne ke tuƙa ta zuwa nesa. Camry kuwa kada ka bari ya taɓa mata waya ko ɗaya.

Aikin taima ɗaya ne tak. Ka zare mabuɗi, ita kuma ta riƙe injin yana aiki a silo na minti ɗaya ko biyu kafin ta kashe shi. Saboda turbo aka ƙirƙire ta, wato ɗan fankan da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ba saboda inji ba. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ne ke juya turbo, kuma juyin ba na wasa ba ne: yana haura sau 150,000 a minti ɗaya. A motar fetur zafin hayaƙin nan kan kai maki 900 a ma'aunin Selshiyas idan an taka totur sosai, na dizal ya ɗan yi ƙasa da haka. Sandar da ke tsakiyar turbo a kan baƙin mai take yawo, man ne ke hana ta cin ƙarfe, shi ne kuma ke ɗebe mata zafi. Da ka kashe inji, famfon mai ya tsaya nan take, amma ƙarfen yana nan da zafinsa. Ɗan man da ya rage a ciki sai ya ƙone ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Yau kaɗan gobe kaɗan, hanyar mai ta toshe, boris ya cinye, sai ka fara ganin shuɗin hayaƙi da wani irin fito daga gaban mota, mai yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba.

Ni ma Hilux gare ni, mai injin 2KD, kuma da taimarta na saye ta. Yaron da ke ja mini ita yana ɗauko kaya daga Ilori da Ibadan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, kuma nan ne taimar ta fi yi mini rana. Zai taho a guje kan babbar hanyar Ibadan, mota cike da kaya, da ya ga lokaci ya yi sai ya ratse gidan mai wajen Shagamu, ya ja birkin hannu, ya zare mabuɗi, ya ɗauki buta. Babu yadda za ka yi ka sa shi ya zauna yana kallon agogo alhali ana shirin tayar da iƙama. Mun taɓa tafiya tare, na tsaya gefen motar ina sauraro. Kafin ya gama wanke ƙafa injin ya yi minti biyunsa ya mutu da kansa. Wallahi har cikin raina na ji daɗi, don na san ko ba na nan haka abin yake faruwa. Shekarun da ta yi a hannuna ba a taɓa kwance turbo ɗinta ba, ba ta hayaƙi, ba ta shan mai. Ba zan ce taimar kaɗai ce ta yi wannan ba, don sabis ba ya wuce mu, amma na san tana da kaso.

Su kansu Toyota sun rubuta wannan a littafin motocinsu masu turbo na dizal. Tuƙin cikin gari, ba sai ka jira ba. Gudun kilomita 80 a awa, daƙiƙa 20. Gudun 100, kamar minti ɗaya. Hawan tudu ko doguwar tafiya sama da 100, kamar minti biyu. Ka lura da na farkon nan, don shi ne rayuwarmu a Legas. Wanda ya sauko daga gadar Third Mainland ya faɗa cunkoson Oworo ko Ojota, ya yi ta jan jiki har Agege, turbo ɗinsa ya riga ya huce tun kafin ya ga ƙofar gida. A cunkoso injin ne da lagireto ke wahala, turbo kuwa hutawa yake yi tunda babu hayaƙi mai ƙarfi da zai juya shi. Haɗarin yana wurin wanda ya tsaya kwatsam daga gudu: gidan mai a bakin titi, wurin cin abinci a Ore, ko bayan hawan tudun Okene ga mai zuwa Arewa da kaya.

Wani abin kuma, ba kowane turbo ne yake son taima ba. Tsofaffin da yawa baƙin mai kaɗai ke sanyaya su, su ne suka fi cin wannan wahala. Tun shekarun 1980 kamfanoni suka fara zagaya ruwan lagireto ta cikin turbo, ruwan kuma yana ci gaba da zagayawa a hankali da kansa ko bayan an kashe inji. Motocin Jamus na yanzu, irin su Volkswagen da Audi da BMW, har ƙaramin famfon lantarki gare su da ke tura ruwa bayan ka fita. Wanda ke da irin waɗannan ya sani, yakan ji wani siririn ƙara a gaban mota bayan ya kulle ta. To wannan ita ce taimarsu, daga kamfani. Masu Lexus NX200t ko Accord ta 2018 mai 1.5 turbo, ku ma ku sassauta ƙafa a kilomita biyu ukun ƙarshe, ya wadatar.

Camry mai 2.4 ba ta da turbo, don haka babu abin da taima za ta sanyaya mata. Fetur kawai za ta ƙona wa Hajiya a banza, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san darajar lita. Haka yawancin Corolla, haka Sienna, haka Hiace mai 2.7.

Akwai abin da rewaya ba zai faɗa maka ba, Alhaji. Don taima ta riƙe inji bayan an zare mabuɗi, sau da yawa sai ya yanka wayoyin makunni. A motocin da mabuɗinsu ke da ƙwaƙwalwar hana sata, wasu sukan kewaye tsarin gaba ɗaya don aikin ya yi sauƙi, kai ba ka sani ba an buɗe wa ɓarawo ƙofa. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu motocin ma rimot ba ya kulle su muddin inji na aiki, sai ka ga mutum yana tsaye yana jiran taimar ta gama, to me aka yi ke nan? Idan motar mai giyar hannu ce, dole a bar ta a firi, birkin hannu ne kaɗai zai riƙe ta, saboda haka a tabbata yana kamawa, a kuma haɗa wayar taimar da shi yadda da an sauke shi injin zai mutu. Kada kuma a bar ta tana ƙirga a rufaffen gareji, akwai guba a hayaƙin nan da ke kisa ba tare da an ji warinta ba.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Sunayen da aka sani a wannan harka na Japan ne: HKS, GReddy, Blitz, Apexi. Akwai jabunsu a kasuwa, kwali mai kyau, ciki kuwa wayoyi sirara da ke narkewa. Idan za ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, kada ka bi yaran da ke tare mutum a bakin hanya. Akwai 'yan kasuwa masu amana a can, amma sai da ɗan gari ake gane su. Duk wanda ya ce maka taima tana ƙara wa mota ƙarfi, ko tana rage shan mai, ko tana hana zafin inji, ka mayar da kuɗinka aljihu, ƙarya yake yi. Masu sayar da tokunbo su ma suna da tasu dabarar: su nuna maka taima a jikin mota a matsayin shaidar an kula da turbo. Ka sa a cire bututun iskar turbo a duba ko mai ya taru, a taɓa sandarsa a ji ko tana girgiza, a kuma tayar da motar da safe injin na sanyi a ga kalar hayaƙi.

Idan kai da kanka kake jan Hilux ɗin kuma yawanci tsakanin Agege da Ikeja ne, bar taimar ma. Bayan doguwar tafiya ka zauna minti ɗaya zuwa biyu kafin ka murɗa mabuɗi. Kuɗin ka sa su a baƙin mai na gaske mai jure zafi da matatar mai ta asali, ka kuma riƙa sauyawa da wuri, don jabun mai ya fi rashin taima kashe turbo a Legas. Idan kuwa direba ne ke fita da ita Ibadan ko Kano, ka sa, ka saita ta a minti biyu, kada rewaya ya kai ta biyar.