Hattara da jabun na'urar sanyaya furosesa

Jama'a, duk mai shirin haɗa kwamfutar wasa ta tebur ya buɗe ido. Akwai masu talla a intanet da ke sayar da jabun na'urar sanyaya furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), da tambarin sanannun kamfanoni, a farashin da zai sa ka zaci tsintuwa ka yi.

Ha'incin yana cikin bututun da ke kwashe zafi daga furosesa. Na gaske jan ƙarfe ne mai rami, an zuƙe iskar ciki an bar ɗan ruwa kaɗan. Zafin furosesa yakan mai da ruwan tururi, tururin ya hau wajen fallayen alminiyam, fanka ta huce shi, ya koma ruwa ya dawo ƙasa. Na jabu kuwa fanko ne, wani ma alminiyam ne aka shafe da launin jan ƙarfe. Ido ba zai bambanta maka su ba, amma ruwan zafi zai tona asiri: cire fankar, tsoma gindin na'urar a ciki, ka riƙe kan bututun. Idan na gaske ne, cikin 'yan daƙiƙu zafi zai iso yatsanka.

Kada lambar wat da ke jikin kwali, wadda ke nuna yawan zafin da na'urar za ta iya kwashewa, ta ruɗe ka. Kowane kamfani da yadda yake awonsa, Noctua ma ba ta rubuta wannan lamba a kayanta. To ɗan damfara me zai hana shi buga 250 ko 300?

Abin takaicin shi ne ɓarnar ba ta bayyana nan take. Furosesa ba ta ƙonewa, rage gudu take yi don ta kare kanta: yawancin Ryzen 7000 na kamfanin AMD idan sun kai digiri 95, yawancin na Intel kuma a digiri 100. Wasa ya riƙa sarƙewa, kai kuma kana ɗora laifi kan katin hoto, alhali lokacin mayar da kaya yana wucewa.

Masu tallan kuma suna cewa na'urar "tana hawa kowane soket", wato mazaunin furosesa a allon kwamfuta. Ba haka nan ba. Da Intel ta fito da soket LGA1700 a 2021, tazarar ramukan ɗauri ta koma milimita 78 daga 75 na LGA1200, don haka sai da maɗauri na daban. Nemi hoton maɗaurin soket ɗinka kafin ka biya.

Na'urorin da ke sanyaya furosesa da ruwa ma ba su tsira ba. Ana goge tsohuwa a sayar a matsayin sabuwa, famfo ya gaji, ruwan ya ragu. Duba ƙura a lagireto da ragowar tsohon man da ake shafawa tsakaninta da furosesa a gindinta.

Wanda ya ce ku koma gefe ka tura masa kuɗi kai tsaye, ba ta dandalin cinikin ba, rabu da shi, domin nan kariyarka take ƙarewa. Ranar da kaya suka iso kuma, ɗaura ta, kunna manhajar Cinebench da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ka sa ido kan zafin a manhajar HWiNFO.