Wili ko gudumar inji: ka ɗauki wili, guduma ta jira

Ƙanena, tunda ka ce kuɗinka ɗaya kawai za su iya saya tsakanin wilin murza fallen ƙarfe da gudumar inji, wato injin da ke dukan falle da sauri don fitar da siffarsa, to ni duka biyun suna shagona. Ɗaya kullum hannu na kansa, har maƙallinsa ya yi sheƙi. Ɗayar tana can lungu a lulluɓe da tamfol, yaran shago na ɗora kwanon abinci a kanta. Wili za ka saya.

Nawa tsoho ne, na zubin ƙarfe, irin wanda kamfanonin Ingila kamar Edwards da Ranalah suka yi suna a kansa. Da irinsa aka riƙa murza jikin alminiyam na motocin Aston Martin, da fatar jiragen yaƙi irin su Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa ma ake ce masa wilin Ingila. In ka gan shi za ka raina shi: ƙaton firam mai buɗaɗɗen baki, babbar taya shimfiɗaɗɗiya a sama, ƙarama mai doro a ƙasa, sai sukurun da ke matse su. Ka sa falle a tsakani, ka tura, ka jawo. Duk inda tayoyin suka bi, ƙarfen ya ɗan miƙe. Da yake gefe bai miƙe ba, tsakiyar ba ta da wurin zuwa, sai ta taso. Ba ruwansa da NEPA, ba ruwansa da dizal.

Ranar da na san na yi sayayya, wani dattijo ne ya kawo min Fijo 504 ɗinsa, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Tsatsa ta cinye fatar ƙofar direba, wani fanel bita kuma ya taɓa cike wurin da bodi fila mai kaurin yatsa. Ya zagaya neman ƙofar gwanjo, duk wadda ya samu ita ma ta ruɓe daga ƙasa. Na yanko falle mai milimita 1, na ɗauki doron ƙofar ɗaya ɓangaren da kwali, na ɗora tayar ƙasa mafi shimfiɗa cikin waɗanda nake da su. Fatar ƙofa doronta kaɗan ne, kuma irin wannan aikin ne ke tona asirin mai gaggawa. Na tsaya ta nan, yarona ya tsaya ta can, muna tura wa juna. Matsi kaɗan, har kana iya jan fallen da yatsu biyu. Layi kusa da layi kamar kunyar gona, daga wannan kai zuwa wancan, sannan mu juya fallen mu ratsa layukan farko. Ba ma kaiwa bakin gefe, don da zarar ka murza gefe zai saki ya fara igiyar ruwa, doron da ka wahala ka tara ya zube. Duk bayan ɗan lokaci mu sauke, mu gwada da kwali, mu goge ƙura, saboda ƙwayar yashi ɗaya in ta hau taya sai ta buga maka tambari a kowane zagaye.

Tun safe babu wuta ranar, maƙwabcina mai walda yana zaune yana fifita. Mu kuwa kafin la'asar fallen ya kwanta a kan firam ɗin ƙofa ba tare da an danna shi ba. Layin jiki da naɗin baki da hannu na yi su, wannan ba aikin wili ba ne. Da dattijon ya dawo, sai ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu, ashe ya sha wuya a hannun masu fila. Ya bi ƙofar da shi lungu-lungu, ko'ina yana kamawa, alamar ƙarfe ne zalla babu fila. Daga nan ya rufe ido ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka." Har yau shi ke turo min masu tsofaffin motoci.

Sai dai kar wani ya ruɗe ka, wili miƙa ƙarfe kawai ya iya, ba ya tsuke shi. Aiki mai zurfi kamar tankin babur ko madigadin ƙaramar Volkswagen ɗin nan da muke kira kunkuru, dole ka tattaro gefe kamar yadda tela ke tattara wuyan riga. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Ka samu kututturen itace mai tauri, ka fafe masa rami kamar ƙwarya, ka samu gudumar katako da jakar fata cike da yashi. A kan jakar ka faso zurfin, a ramin kututturen ka tara ƙunƙurar gefe ka kashe ta da guduma har ƙarfen ya shige cikin kansa ya yi kauri. Abin zai fito duk ƙulu-ƙulu kamar buhun goro, kar ka tsorata. Ka kai shi wili, cikin 'yan mintoci ya koma sumul. Maƙeran jikin mota na Italiya, da kututture da gudumar hannu suka fitar da motocin tsere da ake ta yabo har gobe. In alminiyam kake yi, kamar mai milimita 1.5, yana taurara yayin da kake aiki. Ka shafa masa baƙin hayaƙin wutar kabaid, ka gyara harshen wutar ka bi shi har baƙin ya ƙone, ka bar shi ya huce, zai dawo da laushi.

Gudumar inji kuwa, ba zan ce ba ta aiki ba. Amurkawa da ita suka gina sana'arsu, irin su Yoder ta Cleveland da Pettingell ta Massachusetts. Tana miƙawa, tana tsukewa in kana da bakin da ya dace, wato ƙarfen da ake ɗaura mata ya riƙa dukan fallen, tana cin ƙarfe mai kaurin da zai gajiyar da kai a wili, kuma abin da za ka yini kana yi ita kafin azahar ta gama. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Tawa wuta mai layi uku take so, unguwarmu kuwa layi ɗayan ma sai an yi sa'a. Na tayar da ita da janareta, dizal ya cinye ribar aikin. Sai da na fasa daɓe na zuba mata kankare, duk da haka in ta fara duka kwanukan rufi har rawa suke, maƙwabta suka kai ƙarata wurin mai unguwa. Ga ta ba ta da haƙuri da ɗan koyo: ka bar falle wuri ɗaya na daƙiƙa kaɗan, ta sirantar da shi ko ta huda. Wanda ke fitar da madigadi iri ɗaya da yawa kowane mako, da wuta tsayayya da shago nesa da gidaje, shi ta dace da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Akwai ƙaramar gudumar iska da ake haɗawa da kwamfuresa, mai firam na bututu. Aikinta goge tabon guduma da layin walda, ba fitar da siffa ba, amma za a rantse maka ita ce gudumar inji. Haka Pullmax ta Suwidin da Eckold ta Jamus, injina ne masu kyau, sai dai kowanne da aikinsa, kuma in babu bakunansu ka sayi nauyi ne kawai. Ni tawa gudumar injin da baki ɗaya tak aka kawo min ita, mai sayarwa ya ce sauran suna hanya. Shekara nawa ke nan.

Wilin ma akwai mai kyan ɗan maciji. Sabon fenti kan ɓoye tsagewar zubi, don haka ka kankare wuyan firam ɗin ka duba. Waɗanda aka yi da siririn bututu kuma, kana matse sukuru bakin firam na buɗewa, ƙarfin da ya kamata ya shiga falle ya tafi a banza. Ka juya tayar sama da hannu ka ga ko tana lilo, ka saurari boris. Ka goga zarto a gefen taya, in ya ci cikin sauƙi ba a taurara ta ba, wata biyu za ta cika da rami. Tayoyin ƙasa su zo da yawa, daga mai shimfiɗa zuwa mai tudu sosai, a ƙirga maka su a hannu. Kar ka ba da kafin alƙalami don an turo maka bidiyo, sayen kifi a ruwa ne. Ka tafi da guntun fallenka mai milimita 1, ka murza da kanka a gabansa. In ya ce kar ka taɓa sai ka biya, ka yi masa sallama.