Gidan abincin da ke jira a ce amin

A unguwar Zariya ta nan Maraɗi akwai wani ƙaramin gidan abinci da ba shi da allo a ƙofa, wanda ni da iyalina muka saba zuwa ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, lokacin da rana ta take kuma uwargida ba ta da ƙarfin hura wuta. Mu shida ne, kuma a gidanmu ba a sa hannu a kwano sai an gode wa Allah. Wannan al'ada ce ta sa na ga ya dace in yi bayani a kan wurin, domin a nan ne ya sha bamban da sauran.

A yawancin gidajen abinci, kwano ɗaya-ɗaya ake kawowa. Kafin na ƙarshe ya iso, tuwon na farko ya huce, ƙaramin yaro kuma ya riga ya lashi miya, sai addu'ar ta zama ta gaggawa ko kuma a bar ta gaba ɗaya. A nan kuwa, ruwan wanke hannu da sabulu ne ke fara zuwa, sa'an nan a kawo komai a tire guda, tuwon hatsi da miyar kuka da naman zabo da ɗan dambun zogale a gefe. Yarinyar da ke hidima, wadda Musulma ce, takan ajiye tiren ta ce, "Baba, ga shi nan," ta ja da baya har sai ta ji mun ce amin, kafin ta dawo ta tambaya ko akwai abin da za a ƙaro. Na taɓa yi mata godiya a kan haka, sai ta amsa cewa ita ma ba ta kai loma baki ba tare da bisimilla ba. Ban taɓa ganin wani ya zuba mana ido ba, haka nan wasu 'yan Katolika da muke haɗuwa da su a can sukan yi alamar gicciye a natse.

Wasu 'yan'uwa sukan ji nauyin yin addu'a a gaban jama'a, tun da yake Kirista ba su da yawa a garin. Nakan tuna musu da Ayyukan Manzanni sura 27 a cikin Littafi Mai Tsarki, inda manzo Bulus ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa cikin jirgin ruwa mai ɗauke da mutum 276, ana tsakiyar hadari. Yesu ma ya yi godiya a kan gurasa 5 da kifi 2 kafin a raba wa taro. Amma Matiyu sura 6 ta hana addu'ar neman a gani, saboda haka tamu ba ta wuce jimla uku: godiya domin abincin, albarka ga hannun da ya dafa, da tunawa da waɗanda ba su samu ba. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi, lokacin da fari da fara suka cinye amfanin gona, ya san cewa jimla ta ukun ba ado ba ce.

Game da girkin, tuwon yana da laushi kuma ba shi da tsakuwa, miyar kukar ta ji daddawa yadda ya kamata, dambun kuma shi ne abin da 'ya'yana ke rububi a kai. Naman zabon ne wani lokaci yakan yi tauri. Tirenmu na mutum shida yakan tashi jika 4, wato sefa 4,000, abin da nake ganin bai yi tsada ba.

Sai dai akwai inda wurin ya gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Kawo komai lokaci guda yana nufin jira, har mun taɓa zama kusan minti 40 yara suna hamma. Talabijin ɗin da ke bango ma yana da ƙara, musamman idan ana ƙwallo, kuma sau biyu sai da na roƙi a rage shi kafin in ji muryar ɗiyata da ke yi mana addu'a. Idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu, ɗakin ciki ba ya zaunuwa, gara mutum ya nemi tabarma ƙarƙashin rumfar da ke waje. Mai iyali da ke son zuwa ranar Lahadi ya aika yaro tun kafin a tashi daga majami'a ya faɗi yawan mutanensa, domin da ƙarfe biyu ta yi, dambun ya ƙare.