Gargaɗi kan mai koyar da gyaran famfo da ke sayar da jabun kaya

Akwai wani mutum da ke wallafa bidiyoyin koyar da gyaran famfo a intanet, wanda bayan ya tara mabiya ya koma sayar da abin da yake kira cikakkun kayan aikin maigida, kuma na zauna rubuta wannan ne domin kada wani ya sake tura masa ko sisi. Ni albashina na wata guda cur na tura masa, rabi kafin alƙalami, rabi ciko, sannan ya ƙara karɓar kuɗin dako a kai, abin da ya aiko mini kuwa jabu ne tun daga bututun har zuwa bawul, wato makullin buɗe ruwa da rufe shi. Ban saka sunansa ba tukuna saboda na riga na shigar da ƙara kuma an ce in dakata, amma duk wanda ya taɓa cin karo da shi zai gane shi daga wannan bayani.

Masu cewa ganganci na yi su saurara da kyau. Mutumin nan bai fara da talla ba, da koyarwa ya fara, kuma koyarwar tasa gaskiya ce. Shi ya nuna cewa kafin a kwance komai sai an rufe babban bawul na gida, a buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa domin ragowar ruwan ya tsiyaye. Shi ya nuna cewa farin tef ɗin da ake naɗa wa bakin famfo ana naɗa shi ne ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ba haka ba zai warware da zarar an fara murzawa. A wurinsa na koyi cewa famfo mai ɗiga sau da yawa 'yar robar ciki ce kawai ta cinye, da cewa idan ana zargin tankin banɗaki yana sakin ruwa a ɓoye, sai a ɗiga launi a cikinsa a jira a ga ko zai sauko ƙasa. Duk na gwada su a gidana, duk sun yi. To, mai hankalin da ya ga wannan, da wace hujja zai zargi mutumin?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saƙon murya guda ɗaya. Na tambaye shi game da bututun ruwan zafi na banɗaki da ke tsattsafowa a cikin bango, na ce ko in sayi wani tef mai toshe yoyo da yake tallatawa. Sai ya ce, cikin natsuwa, kamar yayana ne ke magana: "Yallaɓai, kada ka ɓata kuɗinka, wannan tef ɗin ba zai yi maka amfani ba. Farin bututun PVC ne aka saka maka, shi kuwa ba ya jure ruwan da ya haura digiri 60. PPR kake bukata, kuma shi ba a haɗa shi da gam, narka bakinsa ake yi a digiri 260." Ya hana ni sayen kayansa da bakinsa. Na saurari saƙon nan a lokacin, na sake sauraronsa bayan abin ya faru, har yanzu ma ina komawa kansa ina neman inda muryarsa ta yi rawa, ban samu ba. Duk abin da ya faɗa a ciki daidai ne, na bincika na tabbatar. Mutumin da ya ce kada ka sayi ƙaramin kayansa, ya za a yi ka ɗauka babban yake haƙo? Da wannan saƙo ya karɓi albashina na wata guda.

Mun yi ciniki a kan bututun PPR, wato na robar da ke jure ruwan zafi, mai faɗin milimita 20 na ajin PN20 (lambar da ke nuna yawan matsin ruwan da yake jurewa), tsawon mita 40, da gwiwoyi da mahaɗai, da bawul shida na tagulla, da injin narka bakin bututu, da almakashin yankawa. Kafin nan ma, na manta ban faɗa ba, ya kira ni ta bidiyo ya zaga da ni cikin wani ɗakin ajiya cike da kaya, ya ɗauko bawul ɗaya ya kankare shi da wuƙa a gabana, cikinsa ruwan ɗorawa sak. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ba nasa ba ne, na kuma tambaya, ba shiru na yi ba, ya ce na ƙaninsa ne da ke riƙe masa lissafi, ya turo rasit mai hatimi. Maganar kuɗin dako kuwa sai bayan na biya cikon ta taso, alhali tun farko cewa ya yi yana cikin farashi. Na biya, domin a lokacin albashin wata guda yana hannunsa, ban ga dalilin barin kayan su maƙale a hanya saboda ɗan abin da ya rage ba.

Da kayan suka iso, kyan ɗan maciji gare su. Bututun kore shar, an rubuta PN20 a jikinsa daga farko har ƙarshe, har da lambar ƙa'idar awon bututu ta DIN 8077. Na yi aikin yadda ya kamata: na yanka daidai, na goge bakin, na ba kowane haɗi daƙiƙa 5 a kan injin kamar yadda ake yi wa mai milimita 20, na tura ba tare da juyawa ba. Na saki ruwan sanyi na bar shi kwance a ciki kafin in rufe bangon, ko ɗigo bai fito ba. Sai da aka fara amfani da ruwan zafi haɗin da ke bayan bango ya saɓule, ruwa ya bi ta ƙarƙashin tayil ya fito a ɗakin da ke kusa, fenti ya kumbura, kafet ya jiƙe jagab. Tun kafin wannan ma bawul ɗaya ya tsage a hannuna ina ɗaure shi da sifana, ba da wani ƙarfi ba, na ɗauka tsautsayi ne na ɗauko wani.

Mai gyaran famfon da na kira daga baya shi ya buɗe mini ido, kuma ba zan manta da yadda ya riƙa jinjina guntun bututun a tafin hannunsa yana kallona ba. Ya auna kaurin jikinsa. Bututun PN20 mai milimita 20 kaurinsa milimita 3.4 ne, nawa kuwa bai kai 2 ba, wato ko a mafi kyawun zato PN10 ne mai kaurin 1.9, wanda na ruwan sanyi ne. Ya sa babban yatsa ya murza rubutun, tawadar ta fita. Ya kankare bawul ɗin da ya tsage, sai ga toka-toka a ƙarƙashin ruwan ɗorawar, tutiya ce, wato wani ƙarfe mai launin toka, aka shafa wa launi, shi ya sa ba ta da nauyi, domin tagullar gaske ta fi ta nauyi sosai kuma launinta ɗaya ne har ciki. Maganaɗisu ba ya taimakawa a nan, domin ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Injin kuma fitilarsa tana kamawa ta nuna ya shirya alhali zafinsa bai kai ba, saboda haka bakin bututun laushi kawai yake yi, bai narke ya zama abu ɗaya da mahaɗin ba. Bawul ɗin da ya kankare mini a bidiyo na gaske ne, amma ba shi ya saka a kwalin ba, kuma shida ɗin da ya aiko babu na kirki ko ɗaya.

Na tura masa hotuna. Ya ce hannuna ne bai iya ba, wai ba kowa ne ke iya aikin da ya gani a bidiyo ba, shi da ya shafe watanni yana ce wa mutane kowa zai iya. Na ce ya mayar mini da rabi kawai, rabin albashin wata guda, in yafe sauran da kuɗin dakon. Ya ce zai yi magana da ƙaninsa. Washegari ya toshe lambata, ya goge abin da na rubuta a ƙarƙashin bidiyonsa, kuma tuni wasu mutane suka tuntuɓe ni da labari iri ɗaya, har da wanda shi ko kwalin bai gani ba. Wani daga cikinsu ma irin wancan saƙon murya aka tura masa, na hana shi sayen tef, da "yallaɓai" ɗin da komai.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda 'yan uwa ke cewa da na kira mai gyara tun farko da ba a kai ga haka ba. Aikin hannuna ba shi ne ya gaza ba, mai gyaran da kansa ya ce yankan da layin sun yi daidai, kuma ko shi aka miƙa wa wannan inji da wannan bututu, bango zai jiƙe. Yanzu ga kuɗin fasa bango, ga sabon bututu, ga tayil, ga ladan aiki, duk a kan albashin wata gudan da ya riga ya tafi.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit ɗin, da shaidar tura kuɗi sau uku, da saƙon muryar, da guntun bututun a kan ma'auni, kuma zan wallafa su da zarar an ba ni izini. Kada ku biya ciko kafin kaya su zo hannunku, kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai kayan ba, ku yanka bututu ku auna kaurinsa, ku kankare bawul ɗaya kafin ku ɗaura. Wanda ya riga ya saka kayan mutumin nan a layin ruwan zafi ya rufe layin yau, ya sa a duba kafin bangonsa ya fara kumbura.