Katin Waƙoƙin Bege da Na Haɗa wa Mahaifiyata a Wani Shago a Kano

Tun lokacin da ganin mahaifiyata ya yi rauni, har ta daina iya bin baƙaƙen littafinta na Ishiriniya wanda ta shafe shekaru tana karantawa a duk watan Rabi'ul Awwal, na shiga tunanin yadda zan mayar mata da wannan karatu ta hanyar kunne. Babbar waya ba ta yi mata ba, domin shafa gilashi aikin mai ido ne, saboda haka na sayi ƙaramar rediyo irin mai cin katin memori, mai manyan maɓallai da yatsa zai iya lalubowa, sannan na nufi wani shagon masu tura karatu da waƙoƙi a cikin birnin Kano, wanda wani abokin aikina ya yaba mini. Yau wata huɗu ke nan katin yana hannun Hajiya, kuma na koma shagon sau biyu bayan zuwan farko, don haka ina ganin na san aikinsu sanin da zai ba ni damar yin magana a kansa.

Shagon ƙarami ne, kwamfuta biyu ce a ciki da benci ɗaya na masu jira, sai batirin sola a ƙarƙashin tebur wanda ke riƙe aikin idan an ɗauke wuta. Abin da ya bambanta shi da irin rumfunan da ke kasuwar waya ta Farm Centre, inda ake tura finafinai da waƙoƙin soyayya da komai da komai, shi ne nan karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi da bege kaɗai ake turawa. Da na faɗa wa mai shagon buƙatata, bai miƙa hannu ya karɓi katin nan take ba, sai ya gyara zama ya ce, "Alhaji, Hajiyar tana da ɗariƙa? Kuma da wane irin karatu ta tashi a gidansu?" Wannan tambaya ita ce abu na farko da ya sa na natsu da shi, domin duk wanda ya san garin nan ya san cewa abin da zai sa ɗan Ƙadiriyya hawaye ba lallai ne ya motsa ɗan Tijjaniyya ba, kuma akwai gidajen da ba a yarda a ji kiɗa ko kaɗan a cikin yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Na gaya masa cewa mahaifinta ɗan Ƙadiriyya ne, ita kuma da Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi aka rene ta. Ya ce to ya gane, kuma zai kauce wa waƙoƙin raddi da habaici da ɓangarori ke yi wa juna, tunda tsohuwa natsuwa take nema. Ya cika wannan alkawari, ban ji ko ɗaya irinsu a katin ba.

Mafi daraja a cikin abin da ya tura shi ne karatun Ishiriniya cikakke. Wannan yabo na Alfazazi, malamin Andalus wanda ya rasu a shekarar 1230, an gina shi ne a kan haruffan Larabci 29, kowane harafi da baiti 20, kuma daga nan ya samo sunan da muka san shi da shi. Abin da ake rerawa a ƙasar Hausa shi ne tahamisin Ibn Muhib, inda aka ƙara wa kowane baiti ɗango uku a gabansa ya zama mai biyar, shi ya sa karatun yake da tsawo, kuma shi ya sa ake rarraba shi a kwanakin watan Maulidi. Ɗaukar da mai shagon ya zaɓa ba ta sutudiyo ba ce. Da ji ka san a zaure aka yi ta: malami ɗaya yana ja, jama'a suna amsawa, babu kiɗa, babu abin da ke riƙe da karin sai numfashin mutane, kuma a wani wuri har ana jin tarin wani dattijo da carar zakara daga nesa. Da farko na ɗauka wannan aibi ne, har na tambaye shi ko babu wadda ta fi tsabtar sauti, sai ya ce akwai, amma in fara kai mata wannan tukuna. Gaskiyarsa ce. A irin wannan karatu kowace kalma tana fita daram, harafin ƙarshe da ke maimaituwa yana dawowa kamar bugun zuciya, kuma idan jama'a suka haɗa murya a kan salati sai mai sauraro ya ji kamar yana zaune a cikin sahunsu.

Ranar da na kai mata, bayan sallar la'asar ce, tana zaune a kan dardumarta da carbi a hannu. Na ɗora yatsanta a kan maɓallin kunnawa, na nuna mata na gaba da na baya. Da muryar malamin ta tashi, sai ta ajiye carbin a cinyarta ta yi shiru na ɗan lokaci, daga nan leɓɓanta suka fara motsi, kuma kafin a kai baiti na uku ta riga mai karatun ƙarasa ɗango, kamar littafin yana buɗe a gabanta. Hawaye ya gangaro mata ba ta share ba. Da aka kai ƙarshen harafin sai ta ce, "Wannan karin na gidanmu ne, haka Malam yake yi." Mahaifinta take nufi, wanda ya rasu tun ban san kaina ba. Ban ce mata komai ba, domin ni ma a lokacin maƙogwarona ya cushe.

Bayan Ishiriniya ya sa mata Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya wanda ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa. Tasirin wannan waƙa ta wata hanya yake zuwa daban. Ishiriniya Larabci ce, kuma da yawa daga masu rera ta kari da sabo da ƙaunar wanda ake yabo ne ke ɗaukarsu, ko da ba su san fassarar kowane baiti ba. Ita kuwa Imfiraji da Hausa take yi wa mutum magana kai tsaye a kan mutuwa da kabari da hisabi da son Manzo, ba ta bar masa wurin ɓuya ba. Mun taso muna jin ta a bakin makafi a ƙofar gida da tashar mota, har wasu suka ɗauka waƙar bara ce kawai, amma wanda ya zauna ya saurare ta da dare, gida ya yi tsit, zai gane nauyin abin da aka faɗa. Muryar da ke katin ta namiji ce shi kaɗai, mai kauri, ba ya gaggawa, kuma ina ganin da an sa mata kiɗa da an rage mata ƙarfi.

Akwai kuma zikirin bandiri na majalisun Ƙadiriyya, irin wanda ake ji a Gidan Ƙadiriyya na Kabara da lokacin Maukibi, wato jerin gwanon da 'yan ɗariƙar ke yi duk shekara. Shi wannan a hankali yake farawa, bugun yana ƙaruwa, amfasun jama'a, wato zikirin da ake yi da numfashi, yana hawa tare da shi, har ya kai inda jiki da kansa yake fara rangaji. Ƙaramar rediyo ba ta iya fitar da zurfin amon bandiri, sai dai ta ba da ƙarar saman fata, kuma wannan ba laifin shagon ba ne. Ya ƙara da kaɗan daga Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ya ce ko da baƙi 'yan Tijjaniyya za su zo mata, kuma na ga hikimar hakan.

Inda ra'ayina ya rabu da nasa shi ne waƙoƙin bege na zamani da ake yi da fiyano a sutudiyo, waɗanda ya cika kusan rabin katin da su. Ba na cikin masu yi musu kuɗin goro, domin akwai sha'irai na yanzu masu ilimi da ladabi, waɗanda idan suka ambaci Madina sai ka ji zuciyarka ta tashi, kuma na san matasa da yawa ta wannan ƙofa suka shiga son sirar Manzo. Amma a cikin abin da aka tura mana, da dama kiɗan ya danne maganar, an matse muryar da na'ura har ta koma kamar ta ƙarfe, kuma karin ya yi kama da na waƙoƙin biki ta yadda ƙafa ce ke fara amsawa kafin zuciya. A wasu kuma ambaton Alhazai da Hajiyoyin da suka yi wa sha'irin alheri ya fi baitukan yabon yawa. Hajiya ba ta soki ko ɗaya ba, sai dai na lura duk sanda aka zo kansu yatsanta yana neman maɓallin gaba. Mutumin da ya yi mini waccan tambaya mai kyau a farko ya kamata ya san cewa goma zaɓaɓɓu sun fi ɗari da aka kwaso a dunƙule.

Babbar matsalar da na samu ta tsari ce, kuma ita ce ta mayar da ni shagon a mako na farko. Irin wannan rediyo ba ta nuna sunan waƙa, lamba kawai take nunawa, kuma tana bin jerin yadda aka zuba abubuwa a katin ne. Yaron shagon ya kwaso komai ya zuba a lokaci guda, sai ga harafi na biyar ya riga na biyu, wa'azi ya faɗo a tsakiyar Ishiriniya, wasu waƙoƙin kuma sun maimaitu sau biyu ko uku. Kati mai gigabait 8 yana iya ɗaukar sauti na sa'o'i fiye da 100, don haka ga wadda ba ta gani, neman abu ɗaya a cikin wannan tarin wahala ce babba. Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa shi ne tallar shagon da aka cusa a cikin wasu waƙoƙin: ana tsakiyar salati sai wata murya ta ratso tana faɗin sunan shagon da lambar waya. Na fahimci suna yin haka ne don kada wasu masu turawa su kwashe aikinsu, amma katse ambaton Manzon Allah da talla rashin ladabi ne, ko da ba da niyya aka yi ba, kuma yana warware natsuwar da mai sauraro ya ɗauki lokaci yana tarawa. Ga kuma rashin daidaiton ƙarar sauti, wata waƙar sai an kanga kunne, ta bayanta kuma ta tashi da ƙarfin da zai firgita mai gyangyaɗi.

Da na koma na faɗa masa, bai yi musu ba, kuma bai ɗora wa yaron laifi a gabana ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, zauna a gyara." Ya goge katin gaba ɗaya, ya sake zuba Ishiriniya harafi bayan harafi da hannunsa, ya bi ta da Imfiraji, sannan bandiri, ya tura na fiyano can ƙarshe bayan mun zauna tare mun rage su, ya kuma nemo waɗanda babu talla a cikinsu. Aikin ya ci kusan awa biyu, bai karɓi ko kwabo a kai ba. Kuɗin da na biya tun farko ma, ban da na katin, bai kai na kwanon shinkafa ɗaya ba. Abin da ya gagara gyaruwa shi ne tsofaffin karatun da aka kwafo daga kaset, inda baiti yake yankewa a daidai wurin da fuskar kaset ɗin ta ƙare aka juya. Hajiya takan ƙarasa baitin da bakinta.

Abu ɗaya har yanzu yana damuna, kuma na faɗa masa a zuwana na uku. Yawancin abin da ke katin babu sunan mai karatun ko sha'irin, an rubuta "bege 1", "bege 2" kawai, har da na tambaye shi sunan malamin da ya ja Ishiriniyar da ta sa mahaifiyata kuka, ya ce shi ma haka ya same ta a wajen wani. Waɗannan bayin Allah sun ba da muryarsu da lokacinsu, na yanzu kuma sun biya kuɗin sutudiyo, amma ko sisi ba ya kai musu daga abin da muke biya a irin waɗannan shaguna, kuma ko sunan da za a ambata a yi musu addu'a ya ɓace a hanya. Ya yarda cewa magana ce, ya ce zai fara rubuta sunayen waɗanda ya sani.

Wanda yake son haɗa wa tsohonsa ko tsohuwarsa irin wannan kati, ina ba shi shawarar ya je irin wannan shago da ya keɓanta da karatun addini, ya tafi da rediyon a hannunsa, ya faɗi gidan da mai sauraron ya fito, ya ce ba ya son talla, kuma kada ya tashi sai an kunna masa goman farko a jere ya ji da kunnensa. Ni dai zan koma kafin Ramadan, domin Hajiya ta ce a ƙaro mata tafsiri a wani katin daban, wanda za ta ɗaura wa zare don ta riƙa bambanta shi da na begen.