Kafin ka ce a tura maka The Mummy, ka san wanne kake nufi

Kwanakin baya na aiki ƙanena shagon masu tura finafinai da filas ɗina, na ce a sa min The Mummy. Da daddare aka kawo wuta, yara suka jeru a kan tabarma, muka kunna, sai ga Tom Cruise yana ta sheƙa gudu a wani ƙauye a Iraƙi. Na ce ba wannan ba ne. Ƙanena ya ce, "Wallahi Yaya, sunan da ka faɗa shi na faɗa masa." Gaskiyarsa ce kuwa. Akwai finafinai masu wannan suna ɗaya, ciki har da na 1999 da na 2017 na Tom Cruise, mai shago kuma wanda hannunsa ya fara kaiwa shi ya tura. Tun da ba a cinikin biri a sama, ga abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya ba da kuɗinsa, ko ya ƙona datarsa, ko ya goge hotunan biki don fim ya samu wuri a waya.

Na jarumi Brendan Fraser guda uku ne, duk daga kamfanin Universal: The Mummy na 1999, The Mummy Returns na 2001, sai Tomb of the Dragon Emperor na 2008. Na Tom Cruise labari ne daban, suna kawai ya haɗa su. Akwai kuma The Scorpion King da ya tsiro daga jikin na biyu.

Idan guda ɗaya za ka ɗauka, ɗauki na 1999, ka rufe ido. Stephen Sommers ne ya ba da umarni, an kashe masa kimanin dalar Amurka miliyan 80, ya dawo da sama da miliyan 400. Labarin a Misira yake, shekarar 1926, amma yawancin saharar da ake gani a Maroko aka ɗauka. Rana ce ta gaske, rairayi na gaske, raƙuma da dawakai na gaske, kuma ido yana gane hakan ko ba a faɗa masa ba. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu mai suna Evelyn, wadda Rachel Weisz ta fito a matsayinta, da yayanta Jonathan matsoraci mai son abin duniya, da wani tsohon soja Rick O'Connell da suka ceto daga igiyar rataya, su ne suka nufi wani birnin matattu da ake kira Hamunaptra. A can Evelyn ta karanta abin da aka ce kada a karanta, ta tayar da bokan fada Imhotep da aka binne da rai shekara dubu uku da suka wuce.

Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne bos ɗin. Imhotep ba mulkin duniya ya fito nema tun asali ba, macen da yake so yake son ya dawo da ita, wadda ta kasance ta Fir'auna ce. Kana tsoronsa, kana kuma gane abin da ke cinsa. Sannan ba a zubo maka shi gaba ɗaya ba. Ya tashi a ƙwarangwal, ba ido ba harshe, yana bin mutanen da suka buɗe akwatin tsinuwa ɗaya bayan ɗaya yana zuƙe su, jikinsa na cikowa a hankali har ya cika mutum, wato jarumi Arnold Vosloo. Kafin ya cika kuma, kyanwa yake tsoro. Wannan dodon da ke haɗiye jirgin sama da guguwar rairayi, a ɗaga masa mage ya watse. Irin wannan ne ke sa ɗaki ya kaure da dariya bayan an gama riƙe numfashi. Ga kuma Beni, maci amanar da ya rataya layun addinai kala-kala a wuya, yana gwada su bi da bi a gaban gawa ko wani zai ci. Kowa ya san mai irin halinsa a unguwarsu.

A gefe guda, kada wani ya ɗauke shi darasin tarihi. Imhotep na gaskiya masanin gini ne da ake danganta wa dalar Sarki Djoser mai hawa-hawa a Saqqara, kuma ya rayu fiye da shekara dubu kafin Fir'auna Seti na ɗaya da fim ɗin ya haɗa su zamani guda. Hamunaptra ma ƙirƙira ce.

Na biyu, wato na 2001, shi ne na "in da sauran wuri a filas". Manyan jaruman sun dawo, har da Oded Fehr a matsayin Ardeth Bay mai zanen fuska, kuma a Amurka ya fi na farko ciniki, don ya haura dala miliyan 200. An koma 1933, Rick da Evelyn sun yi aure, suna da ɗa mai shekara takwas, Alex, wanda ya ɗaura wani munduwa da bai kamata ya taɓa ba. Daga nan gudu ne ba tsayawa: faɗa a cikin bas mai hawa biyu a titunan Landan, tafiya a balan-balan, rundunar karnukan Anubis, gunkin matattu na tsohuwar Misira. Yana da daɗi, amma a nan aka fara cika wa miya gishiri. Ƙarshensa ne ma abin magana. An ta tallata Dwayne Johnson, wanda 'yan kallon kokawa suka sani da The Rock, a matsayin Sarkin Kunama, amma da fuskarsa ta gaskiya 'yan mintoci kawai ya yi a farko. Da ya dawo a ƙarshe, zanen kwamfuta ne, rabi mutum rabi kunama, fuska kamar an narka roba. Har yau ana yi wa wannan wuri dariya. Sai dai daƙiƙu kaɗan bayan nan akwai wurin da ya biya kuɗin fim ɗin duka: Rick da Imhotep na rataye a bakin rami, kowa ya dubi matarsa. Ɗaya ta ruga cikin ruwan duwatsu ta jawo mijinta, ɗaya ta juya ta gudu. Kallon da Imhotep ya yi kafin ya saki hannunsa, ba kwamfuta ce ta yi shi ba.

The Scorpion King na 2002 fim ne na takobi da ƙarfin damtse, ba gawa ba kabari. Mai son Johnson zai more shi. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa babu Johnson a ciki, ba su ma shiga sinima ba, kai tsaye faifai aka buga su. Mai shago zai iya cewa "akwai har fat fayif," kada lamba ta ruɗe ka.

Yanzu ga wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza, na 2008. A takarda, ya kamata a ce shi ne gwani. An zuba masa kimanin dala miliyan 145, an kawo Jet Li a matsayin bos, ga Michelle Yeoh, an mayar da labarin ƙasar Sin, an kuma sake shi mako guda kafin buɗe wasannin Olamfik na Bejin. An jingina shi da abu na gaske mai ban mamaki, wato dubban sojojin yumɓu da manoma suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Xi'an, a makwancin sarkin da ya fara haɗe Sin wuri guda. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Caina a gidan kallo, ya ga sunan Jet Li a jikin kwali, hannunsa zai kai aljihu.

To, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jet Li da fuskarsa yana nan a gabatarwa, yana nan a wajen ƙarshe, amma tsakiyar fim ɗin mutum-mutumin yumɓu ne na kwamfuta ke yawo da sunansa, in ya gaji ya rikiɗe ya zama dodo mai kai uku. Mutumin da aka ɗauko saboda saurin hannu da ƙafa, sai aka ba shi aikin jifa da wuta. Karawarsa da Michelle Yeoh, wadda masu kallo suka zauna jira tun da sun san abin da su biyun suka yi a Tai Chi Master na 1993, kafin ka gyara zama an gama. Sarkin kuma ba shi da wani ciwo a zuciya irin na Imhotep. Yana son ya dawwama, yana son ya mallaki duniya, shi ke nan. Ba ka tsoronsa, ba ka tausayinsa.

Babbar ɓarakar ita ce Evelyn. Rachel Weisz ba ta dawo ba, aka sa Maria Bello. Jaruma ce mai kyau a wasu finafinan, amma kama da wane ba ta wane. Su kansu masu fim ɗin sun san haka, shi ya sa a fitowarta ta farko suka sa mata barkwancin cewa ita da matar da ke cikin littattafanta mutane ne daban. Ranar da muka kalle shi a gida, an yi kusan rabin awa ƙanwata na tambaya, "Wai yaushe matar tasa za ta fito?" Da aka ce mata ai ita ce wannan, sai ta tashi ta tafi ɗora ruwan shayi, ba ta dawo ba. Tsokanar da ke tsakanin Rick da Evelyn ita ce gishirin na ɗaya da na biyu. A nan an maye gurbinta da cacar baki tsakanin uba da ɗa, don an kai labarin 1946, Alex ya girma. Wanda ya fito a ɗan, Luke Ford, shekara 12 da 'yan watanni kacal Fraser ya ba shi, sai ka ga kamar wa da ƙani ne ke musu. Darakta ma an canza, Rob Cohen ne, Sommers ya koma cikin masu shiryawa. Babu Vosloo, babu Ardeth Bay, babu Misira. A madadinsu aka kawo dodannin dusar ƙanƙara na tsaunin Himalaya suna taya jarumai faɗa, har suna murna irin ta 'yan ƙwallo.

Kada in zalunce shi. Tseren keken doki a titunan Shanghai da daddare yana da kyau, John Hannah har yanzu yana ba da dariya a matsayin Jonathan, yaƙin ƙarshe tsakanin sojojin yumɓu da ƙwarangwal ɗin bayin da aka binne a ƙarƙashin Babbar Ganuwa ma zai burge yara. Kuma a duniya ya haura dala miliyan 400. Amma a cikin Amurka kusan miliyan 102 ya tsaya, rabin abin da na biyu ya kawo, alhali ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. A ƙarshensa an nuna Jonathan ya nufi Peru, alamar can za a je a gaba, amma wannan tafiya ba a yi ta ba. Shawarata, in kyauta aka haɗa maka shi, karɓa. In sai ka biya daban ko ka sauke da datarka, bar shi.

Na Tom Cruise kuwa, wanda ƙanena ya kawo mana bisa kuskure, mun kalle shi tun da ya riga ya zo. Faɗowar jirgin sama da ke farkonsa aiki ne na gani na faɗa, Sofia Boutella ma ta yi ƙoƙari a matsayin gimbiya Ahmanet. Sauran duhu ne da shimfiɗa wa wasu finafinai hanya, don Universal ta so ta gina jerin finafinan dodanni a kansa. Shirin ya rushe bayan fitarsa.

Mai niyyar kallo da iyali ya sani cewa mintocin farko na na 1999 akwai mace da kusan fenti ne kawai suturarta, ga sumbata jefi-jefi, ga tsafi da gumaka da tayar da matattu daga farko har ƙarshe. Buzuzun da ke shiga ƙarƙashin fatar mutum suna tafiya kuwa sun isa hana yaro ƙarami barci. Na 2008 ya fi su sauƙi ta wannan fuska, kuma ya fi gajarta, bai kai awa biyu ba, su kuwa biyun farko kowanne ya ɗan haura. Idan mai fassarar Hausa aka ba ka, saurari minti biyu ka ji ko muryar mai fassara ba ta danne kiɗan ba, musamman a na farko da Jerry Goldsmith ya yi wa kiɗa. A talabijin za ka kalla, nemi mai nauyi, domin rabin fim ɗin a cikin kabari ake, kuma kwafi mara nauyi baƙi ƙirin yake komawa a irin waɗannan wurare.

Kafin ka zare filas, sa mai shago ya buɗe maka farkon kowanne. In ka ga birnin Fir'auna da rana ja, na 1999 ne. In rundunar Sarkin Kunama ce a sahara, na 2001 ne. In sarkin Sin ne a kan doki, na 2008. In kuwa ka ga mayaƙan Turawa na binne gawa a Ingila, ce masa ya goge, ya sake dubawa.