Fina-finan Telugu da na Tamil a wani shagon turi na Mabera

A Sakkwato yanzu ba sai mutum ya sayi faifai ba kafin ya kalli fim ɗin Indiya, domin da wuya ka ratsa unguwa, tun daga Mabera har Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorowa, ba ka ga ɗan shagon da matashi ke zaune gaban kwamfuta yana tura wa mutane fina-finai a waya ko a memori ba. Shagon da nake hulɗa da shi a Mabera yake, kuma hajar da ta fi tafiya a cikinsa ita ce fina-finan kudancin Indiya da aka fassara zuwa Hausa. Ba zai yiwu a yi wa shagon adalci ba sai an duba hajar tasa, saboda zaɓin da yaron shago yake yi wa mutane shi ne yake zama sanin da suka yi wa waɗannan fina-finai.

Ta fuskar aiki, shagon ya cancanci yabo. Yana da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da turi, kuma ko a tsakiyar zafin Afrilu akwai fanka tana kaɗawa a kan bencin masu jira. Ana biyan kuɗi ne a kan kowane fim, kuma kuɗin bai kai abin da mutum zai ƙona na data ba in da kansa zai sauke. Yaron ba ya bari ka tafi sai ya buɗe fim ɗin a wayarka ya ja shi zuwa tsakiya ka ji murya tana fita, in kuwa ka je gida ya ƙi buɗewa, zai sake tura maka ba tare da ƙarin ko sisi ba. Aibin farko da na gani shi ne yadda ake matse wasu fina-finai don su yi sauƙin shiga ƙaramar waya, har ya zama duk wani abin da ya faru da dare a cikin fim sai dai ka ji shi da kunne. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne komai a cikin kwamfutar sunansa Indiya. An sauya wa fina-finan suna zuwa na Hausa, an jefar da na asali, babu shekara babu sunan darakta, kuma in ka nemi shawara amsar guda ce: "Malam, ɗauki wanga, hwaɗa na tun daga hwarko har ƙarshe."

Alhali kuwa ba abu ɗaya ba ne. Fina-finan da iyayenmu suka saba da su a gidajen sinima na harshen Hindi ne, daga Mumbai. Waɗanda suka mamaye wayoyi a yau yawancinsu daga masana'antu biyu ne na kudu. Ta harshen Telugu cibiyarta Haidarabad, inda katafaren filin shirya fim na Ramoji yake, kuma jihohin Telangana da Andhra Pradesh ne gidanta. Ta harshen Tamil tana unguwar Kodambakkam a birnin Chennai, wanda ake kira Madras kafin 1996. Dukansu tsofaffi ne, domin fim mai magana na farko a Tamil ya fito a 1931, na Telugu kuma a 1932. Har Mumbai ɗin ta sha aron labari daga wurinsu: Ghajini na 2008 da Singham na 2011 daga na Tamil aka sake yin su, Wanted na 2009 kuwa daga Pokiri na Telugu ne.

Ƙarfin Telugu yana wajen gina labari mai girma wanda kowa zai iya bi ko da bai san ƙasar ba. Babu wanda ya kai darakta S. S. Rajamouli a wannan fage. Baahubali na 2015 ya buɗe da mace tana nutsewa a kogi, hannunta ɗaya a sama riƙe da jariri, kuma daga wannan hoto kaɗai mai kallo ya san akwai sarauta, akwai cin amana, akwai bashin da za a biya. Ya rufe da bawa mai biyayya, Kattappa, yana furta cewa shi ya kashe ubangidansa, aka bar jama'a da tambayar dalili har 2017 da kashi na biyu ya fito. Ga mutanen da suka tashi da tatsuniya da labaran gidajen sarauta, wannan salo ba baƙo ba ne, shi ya sa fassarar Hausa ta zauna masa daram. Wannan darakta ne kuma ya yi Eega a 2012, inda jarumin fim ɗin ƙuda ne, ya sa mutane suna ɗaukar ɓangaren ƙuda a kan attajiri. Sai RRR na 2022, wanda waƙarsa ta ci kyautar Oscar a Maris 2023, ya haɗa Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, mutane biyu na gaske da suka yi tawaye a lokuta daban, ya ƙirƙira musu abota a zamanin mulkin Turawan Ingila. Fim ne na sa'a uku da 'yan mintoci, amma kowane faɗa a cikinsa yana da dalili kuma yana ciyar da labari gaba.

Matsalar ita ce Rajamouli mutum ɗaya ne, masu kwaikwayonsa kuwa suna da yawa, kuma abin da suka ɗauka a wurinsa girman jarumi ne ba ginin labari ba. Mafi yawan fina-finan Telugu da ke cikin kwamfutar shagon nan tsarinsu guda: a fara nuna takalmin jarumi, sai ƙura ta tashi, sai ya naushi mutum ya yi sama ya faɗa kan gilashin mota, a tafi waƙa a wata ƙasar Turai, a dawo a gano cewa jarumin ɗan wani babban gida ne a ƙauye. Jarumin da ba ya jin ciwo ba ya sa mai kallo fargaba, kuma fim ɗin da babu fargaba a cikinsa tun kafin rabi ya mutu. Ina ganin wani ɓangare na dalilin shi ne yadda gidaje ƙalilan suka riƙe masana'antar. A cikin manyan jarumai, Ram Charan ɗan Chiranjeevi ne, Allu Arjun ɗan'uwansu ne ta wajen aure, ƙaramin N. T. Rama Rao jikan babban ne, Mahesh Babu ɗan Krishna, Nagarjuna ɗan Akkineni Nageswara Rao. Da yawansu sun iya aikin, ba a musun wannan, sai dai in aka rubuta labari don kare martabar gida da faranta wa masoyan gidan, marubuci ba shi da ikon kayar da jarumi ko sau ɗaya. Wannan ƙauna tana wuce iyaka har a waje: a Disamba 2024 wata mata ta rasu a turmutsutsu a ƙofar wani gidan sinima na Haidarabad daren fara nuna kashi na biyu na fim ɗin Pushpa na Allu Arjun.

Tamil ma tana da irin waɗannan fina-finai na taurari, kuma su ne yaron shago ya fi sani. Rajinikanth, wanda ya fara rayuwa a matsayin kwandastan bas a Bangalore, ya shafe shekaru ana sayar da fim da yadda yake jefa sigari a baki ko ya gyara tabarau. Aibin da ya keɓanta da Tamil shi ne yawan huɗuba. Sai jarumi ya tsaya ya fuskanci kyamara ya yi ta bayani a kan cin hanci ko tsadar asibiti ko halin manoma, har ka rasa ko fim kake kallo ko gangamin jam'iyya. Wannan ba haka kawai ya zo ba. M. G. Ramachandran daga fim ya zama babban ministan jihar Tamil Nadu daga 1977 har rasuwarsa a 1987, Jayalalithaa ta biyo sahunsa, Karunanidhi, wanda shi ma ya riƙe wannan kujera, marubucin fim ne, jarumi Vijay kuma ya kafa jam'iyyarsa a Fabrairu 2024. A can Telugu ma babban N. T. Rama Rao, jarumin fim, ya kafa jam'iyya a 1982 ya karɓi mulki a 1983, amma a Tamil ne al'adar ta fi shiga jikin rubutun fim.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi inda ake yin fim ɗin da ke taɓa zuciya ya bar tabo, Tamil zan nuna. Akwai wani reshe na daraktocinsu da ba su jin tsoron nuna zaluncin da ake yi wa talaka saboda asalinsa. Jai Bhim na 2021 labari ne da aka ɗauko daga shari'ar gaske ta shekarun 1990: mutumin ƙabilar Irula mai kamun maciji aka ɗora wa satar gwal, 'yan sanda suka azabtar da shi har ya mutu a hannunsu, suka ce ya tsere, matarsa mai juna biyu ta yi ta bin kotu tare da wani lauya mai suna Chandru, wanda daga baya ya zama alƙalin babbar kotun Madras. A Asuran na 2019, wanda Vetrimaaran ya shirya, Dhanush ya fito a matsayin uba mai gudu da ɗansa cikin daji saboda rikicin gona, kuma akwai wurin da aka tilasta wa yarinya ɗora takalmanta a ka ta ratsa gari, don kawai 'yan gidansu ba su isa su sa takalmi ba. Wanda ya taɓa ganin an hana saurayi aure a garin nan saboda kakansa mahauci ne ko maƙeri ba zai kalli wannan wuri da sanyin rai ba. Sai Kaithi na 2019, labarin dare ɗaya, babu rawa babu budurwa, tsohon fursuna ne kawai yake tuƙa babbar mota cike da 'yan sandan da aka sa wa guba, burinsa ya ga 'yarsa da bai taɓa gani ba. Waɗannan ma ba su kuɓuta ba gaba ɗaya, domin zubar da jini a cikinsu yakan yi yawa, kuma Jai Bhim ya ba lauya hasken da ya kamata matar mamacin ta samu. Amma jaruminsu yana jin tsoro, yana kuka, yana iya rasa ɗa.

Inda masana'antun biyu suka yi tarayya a gazawa shi ne sha'anin mata, kuma wannan ne ya fi dacewa iyaye su sani kafin su miƙa wa yaro waya. Sau da yawa soyayya a fina-finan nan tana farawa ne da saurayi yana bin yarinya makaranta da tasha da ƙofar gida bayan ta ce ba ta so, har ta gaji ta amince, a kira wannan naci jarunta. A Pushpa na 2021, wanda Allu Arjun ya yi wasa mai kyau ƙwarai har ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa, an nuna ana biyan budurwa kuɗi don ta yi masa murmushi, kuma an shirya wurin ne don a yi dariya. Ko Baahubali da na yaba bai tsira ba, domin ya ɗauki mayaƙiya mai manufa ya mayar da ita 'yar kwalliya a cikin 'yan mintoci, ya ba jarumi aikinta. Ga kuma maganar launin fata. Mutanen kudancin Indiya da yawa baƙaƙe ne kamar mu, jaruman maza ma haka, amma jarumar sai an nemo fara, sau da yawa daga Mumbai, wata ma ba ta jin harshen sai an ɗora mata muryar wata. Mugayen Baahubali kuwa baƙaƙe aka yi su, da ƙazaman haƙora da yaren da aka ƙirƙira. A garin da ake fama da man bilicin a shagunan kayan shafa, wannan ba ƙaramin saƙo ba ne. Akwai kuma bautar gumaka da aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa, waɗanda Telugu ta fi yawan ginawa a kansu, kuma shagon ba ya yi wa kowa gargaɗi.

Fassarar kanta tana da hannu a abin da ke isowa gare mu. Masu ɗora murya suna da basira, kuma a wuraren barkwanci irin na Brahmanandam ko Vadivelu sukan sa habaici da zaurancen da ya fi na asali shiga kunnen Bahaushe. Amma a wasu kwafin da na karɓa a shagon nan an shigar da wasa cikin zaman kotu da wurin makoki, inda shiru ya kamata. Haka nan duk lokacin da mai fassara zai yi magana sai a danne sautin asali, kiɗan ya riƙa yankewa yana dawowa. Asara ce babba, domin kiɗa na daga cikin abin da Tamil ta fi kowa, tun daga Ilaiyaraaja da ya yi wa fina-finai sama da 1,000 kiɗa har A. R. Rahman da ya fito da Roja a 1992.

Zan ci gaba da zuwa shagon, kuma ina ba wasu shawarar zuwa, saboda sauƙin kuɗi da riƙon amanar yaron. Sai dai mutum ya je da sunan fim na asali da sunan jaruminsa a rubuce, ya nemi a nuna masa hoton bango, ya kuma nemi babban kwafi ko da zai ci wuri a memori. Na tambayi Jai Bhim da Kaithi ta wannan hanya kuma duk an same su, suna can ƙasan jeri ƙarƙashin wasu sunaye. Da mai shagon zai raba kwamfutarsa gida uku, Hindi da Telugu da Tamil, ya bar sunan asali kusa da na Hausa, ya kuma ware waɗanda ba su dace da yara ba, aikin bai fi na yini biyu ba.